Inda Aka Kwantar da Inusah

St. George, Staten Island
8 ga Maris, 2015

Zuwa ga Baba Hambali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mma Aïchatou da yara. Yaya sanyi? Ni dai wannan ne hunturuna na farko a ƙasar nan, kuma na sallama.

Ba ka san ni ba, amma ka san ubana. Sunana Najat, 'yar marigayi Inusah na Zangon Kumasi, wanda kuka yi aikin dutse tare a can tsaunukan arewa. Ina da shekara huɗu ya bar gida, ina da takwas aka ce ya rasu. Bara na ci lotirin bizar Amurka na zo. Yanzu ina kula da wata tsohuwa a nan St. George, a gidanta nake kwana, ranar Lahadi kaɗai nake fita.

Lahadi uku ke nan ina hawa jirgin ruwa, in kama jirgin ƙasa har titi na 116 a Harlem don in gan ka. Na farko aka ce ka tafi masallaci, na biyu aka ce ka tafi sarin kaya. A na uku ne Mma Aïchatou ta zaunar da ni cikin shago, ta ba ni dambu, ta ce, "Ɗiyata, zarton dutse ya cinye mishi kunne. Ko kin gan shi sai dai ku yi ta ihu gaban kwastomomi, waya kuwa ba ya ɗauka. Rubuta mishi, karatu dai yana yi." To ga shi na rubuta. Ka yi haƙuri da Hausata, ta Zango ce, 'yan Kano da ke nan dariya suke yi in na buɗe baki.

Buƙatata guda ce. An ce kai ka binne shi. Ina so ka kai ni in tsaya a kan kabarinsa in yi masa addu'a, in ɗauki hoton wurin in aika wa uwata, Mma Nimatu.

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Najat Inusah

*

Harlem
22 ga Maris, 2015

Ɗiyata Najat,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, Allah Ya yi miki albarka. Hausarki ba ta da laifi. Irinta ubanki yake yi, ya ce wa mace "ya zo" ya ce wa namiji "ya zo", in na gyara masa ya ce ai duk sun zo.

Ranar Lahadi ta uku ina cikin ɗakin kaya, na leƙo na gan ki. Goshinsa ne a fuskarki. Na kasa fitowa, ki yafe mini.

Bari in gaya miki ko wane ne ubanki a wurin aiki, don na san ba wanda zai gaya miki. Dutsen da muke cirowa shi ake kira sileti, irin wanda kike gani a rufin tsofaffin gidaje da coci-coci, wani baƙi, wani kore, wani ja. Daga rami ake ɗago shi ƙato guda, ni in yanka shi da zarto, sannan a kai wa masu tsagawa. Ubanki mai tsagawa ne. Zai jingina dutsen da gwiwarsa, ya ɗora kurfi, ya buga sau uku a hankali, sai ka ga ya buɗe kamar littafi. Turawan da kakanninsu suka yi aikin nan sukan bar nasu su zo su tsaya suna kallonsa. Ni na gwada wata shida, ban da ɓarna ba abin da na yi, aka mayar da ni wurin zarto. Yakan ce mini, "Hambali, kai gardama kake yi da dutse. Duba inda yake so ya rabu, ka taimaka masa kawai."

Maganar tafiya kuwa, ɗiyata, wurin da nisa, awa biyar ne a mota, kusa da iyakar Vermont. Dusar ƙanƙara ba ta barin tudun nan sai ƙarshen Afrilu. Kamfanin ya rufe tun 2001, ba kowa a wurin, ga gwiwoyina ba su da daɗi. Addu'a ba ta neman biza, daga inda kike za ta same shi. Ki riƙa yi masa bayan kowace salla, ni ma ban taɓa fashi ba.

Aïchatou tana gaishe ki, ta ce ki zo ki ci abinci ko ba ni nan.

Wassalam,
Babanki Hambali

*

St. George
5 ga Afrilu, 2015

Baba Hambali,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Na gode da labarin dutse, sau biyu na karanta wa Mma Nimatu ta waya. Amma Baba, ba dutse na tambaya ba. Na ga sai na faɗa maka abin da na so in rufe.

Takardar mutuwar da kuka aiko gida, sunan Kassim ne a jiki, ba sunan ubana ba. Kassim kuwa ga shi can ƙasarmu, a unguwar Nima, yana sayar da kayan mota, da ƙaton cikinsa, kowa yana ganinsa. An yi wa Mma bayani cewa da takardun Kassim ubana yake aiki, amma ka san Zango. Kafin wata ya fita magana ta zaga cewa Inusah ya samu Baturiya, ya haɗa baki da abokansa aka aiko takardar ƙarya don a rabu da shi. Ina aji uku wata yarinya ta ce min ina da ƙanne masu jan kunne a Amurka. Na fasa mata baki, aka kore ni sati biyu.

Mma ba ta yarda da maganar ba, ba ta kuma iya ƙaryata ta ba. Ta ƙi yin takaba, ta ce ba za ta yi wa mai rai takaba ba. Ta ƙi aure, ta ce ba za ta yi aure a kan mai rai ba. Mutum uku suka nema, duk ta sallame su. Shekara goma sha takwas ke nan, ita ba matar aure ba, ita ba wadda mijinta ya mutu ba. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta gyara ɗankwali.

Yanzu idonta na hagu ya mutu, likita ya ce na dama ma da wuya ya kai baɗi. Da zan taho ba ta ce in aiko da komai ba, abu ɗaya ta ce: "Ki nemo min inda ya kwanta in gani da idona, gani ya kori ji."

Na san addu'a ba ta neman biza. Amma uwata ba addu'a ta rasa ba, Baba. Ina da lasin tuƙi, zan yi hayar mota, kai dai ka zauna ka nuna hanya. In gwiwa ce zan riƙe ka, aikina ke nan kullum.

Ka yafe min in na yi tsauri.
Najat

*

Harlem
26 ga Yuli, 2015

Ɗiyata Najat,

Barka da salla, Allah Ya karɓi ibadarmu. Na daɗe ban amsa ba. Takardarki tana cikin aljihuna duk azumin nan, na karanta ta har ta fara yagewa a wurin ninki. Wallahi ban san abin da Nimatu take ciki ba. Mun aika takarda, muka ɗauka mun sauke nauyi.

Ki karanta mata wannan. Ubanki ya rasu ranar Alhamis, cikin Janairun 1997, da hantsi. Ana ɗago wani ƙaton dutse, sarƙa ta yi ƙanƙara ta zame, shi kuma ya fito daga rumfar tsagawa zai ɗauki ruwan zafi, dutsen ya faɗo masa. Ina wurin. Ni na ɗaga kansa, kuma bai yi magana ba. Babu wata Baturiya. Ɗaki ɗaya muke kwana shekara uku, hotonki da na ƙanwarki Rafia yana manne a jikin bango kusa da katifarsa.

Mu Musulmi huɗu ne a wurin har da shi. Saura ni da Abdoulaye da Abdul-Fatawu, su biyun sun riga mu gidan gaskiya yanzu. Kai shi gida bai yiwu ba, don a takarda Kassim ne ya mutu, wa zai karɓi gawar Kassim a Kumasi? Mai kamfanin ya ce akwai tsohuwar maƙabartar masu aikin dutse a gefen tudu, ya ba mu wuri daga can sama, kusa da tsibin ɓaraguzan da ake zubarwa. Ƙasa ta daskare, sai da injin haƙa ya buɗe mana, mu kuma muka shiga da cebur muka gyara ɗan kabarin yadda ake yi a gida. Mu uku muka yi masa wanka, mu uku muka yi masa salla. Babu itacen da za mu jera a kansa, sai muka ɗebo siletin da ya tsaga da hannunsa a satin nan muka jera, kuma ko ƙwayar ƙasa ba ta taɓa shi ba.

Akwai wani tsohon Bature mai sassaƙa sunaye a kan dutsen kabari. Yana son ubanki ƙwarai. Ya zo da hularsa a hannu ya ce in rubuto masa sunan gaskiya, zai sassaƙa don Allah. Na ce a'a. Lokacin ina da zafin kai, na ce masa mu ba ma rubutu a kabari, a garinmu kowa ya san inda nasa yake kwance. Ga kuma tsoro, kada sunan ya tona maganar takardu a kwashe mu duka. Sai muka kafa sileti biyu marasa rubutu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, muka shafa fatiha muka sauko.

Ki nemi hutu bayan babbar salla, kafin sanyi ya shigo. Zan je.

Wassalam,
Hambali

*

St. George
1 ga Nuwamba, 2015

Babana Hambali,

Assalamu alaikum. Yaya gajiyar hanya, yaya gwiwa? A mota da muna dawowa ko na yi magana ba za ka ji ba, shi ya sa na bari sai a takarda.

Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Ramin da ka ce kuna sauka ciki da tsani ya cika da ruwa kore, shiru, ko tsuntsu ba ya sauka. Dogayen ƙarafunan ɗaga dutse suna nan tsaye sun yi tsatsa, igiyoyinsu na lilo. Rumfar da ubana yake zama kuwa, wadda ta rufa wa gidajen mutane asiri shekara da shekaru, ita ba ta da rufi, itace ya tsiro a tsakiyarta. Na zauna a kan wani kututture da ka ce irinsa yake zama, na ɗauki wani ɓallin dutse na ga ya yi siriri kamar faranti. Na yi ta tunanin ko hannunsa ya taɓa shi.

Da muka hau maƙabartar tsoro ya kama ni. Kaburburan Turawa na ƙasa suna nan da sunayensu, amma daga sama ko'ina sileti ne, a kwance da a tsaye, dubbai, duk iri ɗaya. Na ga ka zaga sau uku, gumi yana zubo maka cikin wannan sanyin. Na ce a raina shi ke nan. Sai ka tsaya a gindin farin itacen nan, ka nuna da sandarka, ka ce, "Nan ne." Baba, nan na durƙusa. Ban san ina da kuka irin wannan a cikina ba. Na gaya masa komai, har yarinyar da na fasa wa baki.

Na aika hoton a ranar. Rafia ta ce ta kai wayar dab da idon Mma na dama, Mma ta riƙe ta da hannu biyu ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Ashe yana da inuwa." Ta sa aka ƙara girman hoton, ta sake kallo, ta ce, "Inusah, ka yafe min, na zarge ka."

Washegari ta cire 'yan kunnenta, ta ce ta shiga takaba. Limamin unguwa ya zo da kansa ya ce mata ai lokacinta ya wuce tun tuni, babu komai a kanta. Ta ce, "Malam, a wurinku ya wuce, ni jiya mijina ya mutu." Wata huɗu da kwana goma za ta yi cif. Rafia ta ce gidan ya cika da masu gaisuwa, har da waɗanda suka yi ta yaɗa maganar Baturiya, suna zaune a tabarma suna sunkuyar da kai. Ta ce rabon da ta ga Mma tana cin abinci da yawa haka har ta manta.

Saura abu ɗaya. Mma ta ce a sa masa suna, kada a sake ɓatar da shi. Na tambayi malamin masallacinmu ya ce suna kawai don a gane wuri ba laifi. Ka san aikin dutse, ka san inda za a samu mai sassaƙa. In ƙanƙara ta narke mu koma mu kafa a gindin itacen.

Ban san da bakin da zan gode maka ba. Allah Ya saka maka da Aljanna.

'Yarka har abada,
Najat

*

Harlem
15 ga Nuwamba, 2015

Najat,

Assalamu alaikum. Ban ce ɗiyata ba, don ban sani ba ko za ki yarda in sake faɗa bayan kin karanta wannan.

Ban san inda kabarin ubanki yake ba. Wurin da na nuna miki, nunawa kawai na yi.

Ba yau na sani ba. Na hau tudun nan ni kaɗai a 2003, na tarar siletin da muka kafa sun faɗi, ko an ture su, ko sanyi ya tumɓuke su, sun shige cikin 'yan'uwansu. A garinmu Madawa in ka kafa dutse a kabari, shi kaɗai ne dutse a wurin, kuma mai haƙa yana nan, ɗansa yana nan, kowa ya san na wane ne. Ban yi tunani ba cewa na kafa sileti a garin da ƙasarsa duka sileti ce. Na koma a 2012 na tarar ruwan sama ya zabtaro gefen tsibin ɓaraguzan ya rufe saman maƙabartar gaba ɗaya. Wuni na yi ina ɗaga duwatsu da hannu har farcena ya fita. Shi ya sa na ɓuya a ɗakin kaya, shi ya sa na kawo miki zancen gwiwa.

Na yarda na bi ki ne ina fatan in na je da jininsa Allah zai buɗe mini ido. Na zaga sau uku ina roƙo, ban ga komai ba. Na juyo in gaya miki, sai na ga yadda kike kallona, da wayar a hannunki, na tuna idon Nimatu. Itacen nan shi ya fi kusa da ni, sai na ɗaga sanda. Lokacin da muka binne shi babu itace ko ɗaya a wurin.

Yana kan tudun nan, wannan na rantse da Wanda raina ke hannunSa. Duk abin da na rubuta miki game da rasuwarsa da wankansa da sallarsa gaskiya ne. Tsakanin itacen da inda yake ba zai wuce taku arba'in ba, amma ko gabas ko yamma, ban sani ba. Mai yiwuwa inda kika durƙusa babu kowa, mai yiwuwa wani Bature ne da ya mutu shekara ɗari da suka wuce.

Na so in tafi da maganar nan kabarina. Amma kin ce in kafa suna. Sau ɗaya na hana a rubuta sunansa a inda yake, ba zan iya rubuta shi a inda ba ya nan ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni na kai ƙarshen nawa.

Ko ki gaya wa Nimatu ko ki bari, ban isa in ce miki komai ba. Na san na sauke kayana ne a kanki, kuma wannan ma wani laifin ne. Aïchatou ba ta sani ba, ta ga dai na daina cin abinci. Ban roƙi gafara ba don ban ga fuskar roƙo ba.

Wassalam,
Hambali

*

St. George
6 ga Maris, 2016

Baba Hambali,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni tun Nuwamba.

Sau biyu na ɗauki waya zan gaya mata. Na farko na tarar tana yi wa Rafia dariya. Na biyu Rafia ta ce min idon dama ya rufe, Mma ba ta ganin komai yanzu, amma kullum da safe sai ta sa an ba ta wayar ta riƙe. Ban gaya mata ba, ba kuma zan gaya mata ba. Da ta tambayi maganar suna na ce hukumar wurin ba ta yarda ba. Ka ga ni ma na koya.

Satin da ya wuce ta fita takaba. Ta ce lallai in rubuta maka, in ce ta gode, kai ne ɗan halak ɗin da ya riƙe mata amanar miji shekara goma sha tara bai manta inda ya ajiye shi ba. Ta ce Allah Ya sa kai ma a san inda kake.

Ga shi na faɗa.

Najat Inusah